Rijiyar Gidan Saje

Ranar Laraba ce, ba a daɗe da babbar sallah ba, domin har lokacin akwai sauran soyayyen nama a tukunyar kakata, a shekarar da sababbin haƙoran gabana suka gama fitowa. Ina bakin rijiya da hantsi, igiyar guga a hannuna, sai muka ji kuge daga gindin mangwaron ƙofar gida. Mai kugen majalisar gari ne, wani dogo mai gajeren wandon kaki. Ya buga, ya yi magana da harshen Ga na 'yan ƙasa, ya sake da Tonanci, wani yaren ƙasar, sannan Baba Sankira, wanda shi ke juya mana kowace sanarwa da Hausa, ya gyara murya ya ce majalisa za ta zauna a kan rijiyoyin cikin gidaje. Amai da gudawa sun kwashe yara da damina, likitoci sun ce daga ruwa ne, don haka an kawo maganar a yi doka a cike kowace rijiya, tunda ga famfo an kafa a bakin titi. Duk mai magana ya je ranar zama ya faɗi tasa. Matan da ke wanki suka tsaya da kumfa a hannu, kowa ya juya yana kallon kakata.

Unguwarmu Maamobi ta lokacin ba wannan ba ce da kuke gani gida a wuyan gida. Rabinta ƙauye ce. Bayan gidanmu gonar rogo ce da masara da kuɓewa, daga nan sai ciyawa har ido ya gaji, mu yara mukan shiga neman itace mu dawo da ƙaya a ƙafa. Gidanmu ana ce masa gidan Saje, don kakana Saje Bawa tsohon soja ne, kuma shi da abokan sojansa suka haƙa rijiyar da hannunsu bayan sun ajiye kaki. Ban same shi da rai ba. Na sami rijiyarsa, na sami matarsa, kakata, wadda duk unguwa ke kira Nna Lami. Mace ce gajera mai faɗin kafaɗa, ba ta ɗaga murya, kuma ban taɓa ganin an sa ta ta maimaita magana ba. A ɗakunan gidan akwai Dagomba, akwai Kotokoli, akwai Zabarmawa masu sayar da albasa, kowa da harshensa a cikin ɗaki, amma a bakin rijiya Hausa ake yi.

Ruwan nan fari ne tas, mai sanyi, ko da rani ba ya ƙafewa. Ba a hana kowa, sai dai akwai ƙa'ida. Ba a zuwa da takalmi, ba a kawo guga daga waje, kuma sai an gaida Nna kafin a taɓa igiya. Takan ce, "Ruwan na Allah ne, gaisuwar tawa ce." Da shi ake dama kokon da uwata ke sayarwa, da shi ake wankan jego, da shi ake wanke amarya, da shi ake wanke gawa. Aikina tun da safe in cika randuna, in wanke ƙwaryar gasara, in share bakin rijiyar, sannan in sami ƙawayena mu yi ampe, wasan tsalle da tafi, a ƙasa mai laima har ƙafafunmu su yi ja. Kuma nan ne gidan rediyonmu. Wace ta haihu a Nima, motar wa ta iso daga Bawku, wane ne ya dawo daga Makka da haƙorin zinari, ɗan wa aka kai koyon kanikanci a Abossey Okai, duk a bakin rijiyar nan ake fara jinsa, kafin azahar ya zagaye unguwa.

Da yamma Magajiya Asabe, shugabar matan unguwa, ta zo da manyan mata suka zauna a tabarmar Nna. Wakilinmu a majalisa a lokacin wani mutumin Ga ne mai suna Papa Kote, yana zaune a unguwar Kokomlemle, tsohon malamin makaranta, kowa na shaidarsa da kirki. Magajiya ta ce a kai masa goro. To, ku yaran yanzu sai an yi muku bayani. A wurinmu idan aka kai wa babba goro da roƙo, amsarsa ba a bakinsa take ba, a hannunsa take. In ba zai iya ba, ba ya taɓawa, sai ya ce a bar shi ya yi shawara, kowa ya tashi da mutuncinsa. In kuwa ya ɗauka ya fasa ya kai baki, magana ta ƙare, ya ɗauki nauyin a kansa, ko zai rasa rigarsa sai ya cika. Da haka iyayenmu suka zo daga arewa, da haka suka zauna, kuma ba wanda ya taɓa tunanin akwai mutum a duniya da bai san wannan ba.

Nna da kanta ta zaɓi goron, fari, manya, ba mai tabo ko ɗaya. Ta jera a sabon kwano bisa ɗanyen ganye, ta rufe da faifai, ta ɗora mini a ka. Muka tafi a ƙasa, su a gaba da mayafansu na zuwa suna, ni a baya wuyana a miƙe kamar an sa mini sanda. Papa Kote ya tarbe mu da fara'a, matarsa ta kawo ruwa. Magajiya ta yi bayani da Ga ɗinta mai karaya, ya saurara yana gyaɗa kai. Da aka buɗe kwanon ya yi murmushi, ya ɗauki mafi girma, ya fasa, ya gutsura. Na ga ya ɗan yamutsa fuska don ɗacin, amma ya tauna ya haɗiye, ya ce ya gode, zai yi abin da zai iya. Tun ba mu fita layinsu ba wata ta saki guɗa. Muka shigo Maamobi kamar masu dawowa daga ɗaurin aure, kafin magariba labari ya gama unguwa cewa rijiyar gidan Saje ta tsira.

Ana gobe zama, Sarkin Zango ya aiko a tambayi Nna wa zai tafi majalisa da sunan gidanmu, don shi da dattawa za su raka masu rijiya. Tana tsinke alayyafo ta ce wa ɗan aiken, "Ka gaida Sarki. Ka ce masa an ci goronmu, me kuma za mu je yi? In mun je ai mun nuna wa mutumin ba mu yarda da shi ba." Ba wanda ya ga kuskure a wannan magana, har shi Sarkin.

Da kuge ya dawo, ya dawo da doka. Waɗanda suka je suka tsaya a gaban majalisa suka yi magana, an yarda su ɗaure bakin rijiyarsu da siminti su yi mata murfi, a zo a duba. Rijiyar da ba wanda ya tsaya mata kuwa, a cike ta kafin ruwan sama ya dawo. Baba Sankira ya faɗi wannan idonsa a ƙasa. Nna ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi, ta kira Magajiya, ni ma na bi su ba tare da an kira ni ba.

Papa Kote ya gan mu ya miƙe tsaye. Ya ce, "Mama, na neme ku a zauren nan har na gaji. Me ya hana ku zuwa?"

Magajiya ta juya mata. Nna ta ce, "Gaya masa ya ci gorona."

Ya ce ƙwarai ya ci, kuma ya gode, a wurinsu baƙo ba ya kawo abu a ƙi taɓawa, cin fuska ne. Ya ce ya yi magana a kan rijiyoyin Maamobi gaba ɗaya, amma an tambaya ina masu su, ya waiwaya bai ga kowa daga gidanmu ba. Da Magajiya ta fahimtar da shi abin da cin goron nan yake nufi, sai mutumin ya zauna a hankali ya riƙe kansa. Ya ce zai sake kai maganar, amma abin da majalisa ta riga ta yanke ba ya tashi da bakin mutum ɗaya. Can ya ce wa matarsa ta kawo kwanon, akwai sauran goro a ciki, a mayar mana.

Nna ta dubi kwanon ta ce, "Wanda ya tauna fa?"

Ba wanda ya juya masa wannan. A hanya Magajiya ta fara zaginsa, Nna ta hana ta. Ta ce, "Bar shi, Asabe. Bai yi mana ƙarya ba. Bai san abin da ya ci ba, mu kuma ba mu tambaya ba."

Mun ji yadda leburorin majalisa ke cike rijiya a wasu gidaje, da juji da fasassun kwalabe da duk abin da motarsu ta kwaso. Nna ta ce ba a rijiyar mijinta ba. Ranar Juma'a da safe ta sa aka cika duk wata randa da garwa da bokiti da ke unguwar. Aka yi wa yara wanka kaf, har masu kuka. Ita ta ja gugan ƙarshe da hannunta, ta yi alwala, ta sha, ta ba ni na sha. Sannan matan unguwa suka jeru da darurruka daga gonar rogo zuwa tsakar gida, suna ɗebo jar ƙasa mai tsabta. Ita ta fara zubawa. Na ji ƙarar ƙasar a kan ruwa, tun tana nisa har ta daina. Ba a yi waƙa ba, ba a yi kuka ba, sai uwata da ta shiga ɗaki ta daɗe. Ranar da leburori suka zo da motarsu, sun sami wurin a daɓe, Nna zaune a kai bisa tabarma tana jan carbi. Ta amsa gaisuwarsu ta ce a ba su koko.

Daga nan sai layin famfo, garwa a ka, faɗa da rana, wani lokaci ka kai gaba ruwa ya ɗauke. Ciwon cikin yara ya ragu a unguwa, wannan ba zan ɓoye ba, ko da yake har gobe ina cewa ba daga tamu yake ba. Labari ma ya watse, domin a layin famfo ba a hira, tsare wuri ake yi.

Yanzu wakilinmu ɗan unguwa ne, na ga ranar sunansa, da Hausa yake mini bayanin abin da majalisa ta zauna a kai, jikokina kuma sun riga shi ji a waya. Gonar rogo ta zama benaye. Ruwan sha a leda nake sayensa, mai ɗanɗanon roba. Inda rijiyar take an gina shago, wani yaro yana gyaran waya a ciki, kuma kullum damina sai ya zo mini da ƙarar cewa ƙasan shagon na tsattsafo, an yi siminti an sake bai daina ba. Nakan ce ya yi haƙuri, in tafi da sandata in tsaya a wurin, in cire takalmi in taka sanyin. Ruwan Saje yana nan, mu ne muka rufe masa baki.