Hoton da Na Sa Aka Goge

Tun ina goyon ɗana na fari nake fargabar ya girma, ya duba hotunan gidanmu, bai gan ni kusa da shi ba. A wurinmu ana kunyar ɗan fari, ba na yi masa wasa a gaban surukai.

Ƙanin mijina malamin makaranta ne a Dutse, amma ya ɗora wa kansa ɗaukar hoto, ko Sallah ce, ko bikin abokai. A hotunansa yaron kullum yana hannun kakarsa, ni ina can gefe.

Wata rana za mu biki Kafin Hausa, motarmu ta lalace bayan Kiyawa. Muka zauna a inuwar tsamiya. Yaron ya yi barci a ƙirjina, na shagala ina shafa kansa.

"Matar yaya, yau na kama ki!" in ji ƙanin mijina, yana nuna mini hoton da ya ɗauke mu a waya.

Surukata tana zaune kusa da mu. Na ce, "Don Allah goge."

"Kin tabbata?"

"Goge."

Ya goge. Har yau ba a sake samun irinsa ba.

Kai mai ɗaukar hoto, in mace ta ce ka goge a gaban mutane, ka dakata tukuna, ka sake tambayarta bayan an watse.