Jirgin da Baba Ya Haɗa da Hannunsa

Jiya na bi bakin kogi a Lyon, na ga jirgin Baba. An shafa masa jan fenti, an mai da shi gidan giya. Wani yana amai daidai inda tsohon yake shimfiɗa buzun salla. Na tofar da yawu.

Ba shi ya haife ni ba. Ƙarƙashin gada ya tsince ni a Paris, ya kawo ni nan, ya ba ni tuwo da guduma. Masassaƙin jirgin ruwa ne daga Gaya ta bakin kogi. Ya ƙi sayen na wani, muka shekara huɗu muna haɗa namu da za mu zauna a ciki. Kowane katako sai ya sunsuna shi. Ran da na kafa ruɓaɓɓe na rufe shi da kwalta, ya kai hanci, ya ce, "Cire shi, ɗan banza. Kai ma a kansa za ka kwana."

Da ya rasu, ko sadakar arba'in ba a yi ba, 'ya'yansa suka sayar da jirgin. Na ce musu ɗakina yana ciki. Babbansu ya ce, "Kai wa?"

Allah Ya jiƙan Baba, Ya ba shi makwancin da babu mai sayarwa.