Gadar da Baba Tikiti Ya Kankare

Shekara talatin da biyu Baba Tikiti ya yi a bayan 'yar tagar tashar mota yana sayar wa mutane tikitin zuwa ko'ina, shi kuwa ko a garin da ke gaba da nasu bai taɓa kwana ba. Tambaye shi hanyar bakin teku, zai jero maka garuruwa goma sha ɗaya, ya faɗa maka inda za ka sauya mota da gefen da za ka zauna kada rana ta gasa ka. Amma ce masa ya shiga motar, nan take zai tuna da wani aiki a gida. Maganar gaskiya, tsoro yake ji.

Da ya yi ritaya sai ya kwaso tashar ya kawo ta falo. Ya samu murfin tsohon kabad ya zana taswira a kai, koguna da shuɗin biro, duwatsu da baƙi, iyakokin ƙasashe da jan farcen da ya ara wurin matarsa, Inna, bai kuma mayar ba. Murafan kwalba su ne motoci. Za a zaɓi gari, kowa ya tsara hanyarsa, sannan a jefa ɗan ludo, wanda ya riga isa shi ya ci. A gwangwani akwai tsofaffin tikiti, a bayan kowanne ya rubuta abin da kan sami matafiyi: taya ta fashe, an manta jaka a tasha, fasinja ya sauka sayen ruwa ya ɓace. Da yamma maƙwabta, manya da yara, sukan cika falon, a yi ta ihu kamar da gaske ake tafiyar.

Dokarsa ɗaya ce, allo ba ya ƙarya. Duk labarin hanya da direba ya kawo, a ranar yake gyara zanen. Shi ya sa da ambaliya ta cinye gadar babban kogi, shekara bakwai ke nan, da hannunsa ya sa reza ya kankare ta.

To, a hayin kogin nan Autarsu take aikin jinya, aikin da ba ya barin ta motsa, har ta haifi 'ya mai shekara huɗu yanzu, wadda bai taɓa gani ba sai a waya. Inna ta je sau biyu ta doguwar hanya, ta dawo ƙafafu a kumbure. Shi kuwa kullum maganarsa ɗaya: "Kwana uku a mota? Ai da gadar nan na nan, da tuni na je." Yana son ganin yarinyar nan kamar ransa, kowa ya sani. Amma tsoron ya fi ƙarfinsa.

Wata Asabar Inna ta gayyato Dogo, tsohon direban tirela, shan shayi. Ta jawo allo ta ce wa mijinta, "Malam, yau garin Auta za mu, ni da kai."

Baba Tikiti ya kama doguwar hanya yana murmushi. Ita kuwa ta miƙe sak bakin kogi ta ajiye murfinta.

"Iyo za ki yi?" ya tambaya, falo ya ɗauki dariya.

"Dogo," in ji Inna, "faɗa masa."

Dogo ya ajiye kofi. "Ai an gyara gadar, Baba, wata biyu ke nan. Shekaranjiya na haye ta da siminti cike da mota."

Baba Tikiti ya shiga gyara hular da ba ta karkace ba. Inna ta zuba masa ido. "Tsakani da Allah, Malam, ka ji ko ba ka ji ba?"

"Na ɗan ji ƙishin-ƙishin," ya ce can ƙasan maƙoshi.

Kunya ta rufe shi. Wata biyu allonsa na ƙarya, kuma shi ya sa shi. Ya miƙa hannu aka ba shi biro, ya zana gadar a kan tabon reza. Inna ta jefa shida, ta haye abinta.

Ranar Litinin ya tsaya a gaban tagar da ya tsufa a bayanta. Ashe daga waje sai mutum ya sunkuya! Sabuwar mai tikiti ta ce, "Mutum nawa, Baba?" Ya ce biyu.

A cikin mota ya rungume allon a ƙirji, idonsa a rufe har gada. Inna ta zungure shi. "Buɗe ido, ga koginka." Ya buɗe ɗaya, sannan ya buɗe ɗayan.

"Inna, ruwan nan ai ja ne! Ni kuwa na yi ta nuna wa yara shuɗi."

Bai sake rufe idon ba har suka isa. Yana saukowa, wata 'yar ficiciyar yarinya ta ƙwace daga hannun Auta ta rugo, sai kuma ta ci birki, ta dube shi sama da ƙasa. Ita a waya daga ƙirji zuwa hula ta san shi.

"Mama!" ta ƙwala. "Ashe Kaka yana da ƙafafu!"

Ya durƙusa a gabanta yana dariya, hawaye na zuba, allon ya faɗi gefe bai ko waiwaye shi ba.