Ɗorawar Iya da Ma'aunin Rana

Wata Laraba ce cikin bazarar shekarar da nake aji huɗu a firamare. An tashe mu da azahar, yashi yana ƙona ƙafa, muka rugo ni da ƙawayena don mu sha inuwa a gindin ɗorawar kakata kamar yadda muka saba. Da muka zagayo bayan aji sai na ja na tsaya, domin sararin sama na gani fetal a inda ya kamata in ga ganye. Ɗorawar tana kwance a ƙasa, rassanta sun baje har kan hanya, awaki sun yi mata caa, ga 'ya'yanta da suka fara nuna a warwatse ana takawa. Wasu ƙarti biyu suna zaune a kan gangar jikinta suna shan fura, gatura a gefe. Ban san lokacin da na yi jifa da jakar littattafaina na fasa ihu ba.

Ƙauyenmu yana gefen hanyar Aujara, kuma kowa a cikinsa ya san gonar da ke bayan makaranta ta Baffa Sale ce, yayan mahaifina, amma ɗorawar da ke cikinta ta Iya ce, mahaifiyarsu. Haka al'adarmu take: gona daban, itace daban. Iya ta gaji ɗorawar daga tata uwar, da aka zo rabon gona kuwa ba wanda ya sa ta cikin lissafi. Baffa yana noma geronsa har gindinta, amma ko sanda ɗaya ba ya karya sai da izini. Ni kuma sunan Iya na ci, shi ya sa take ce mini Takwara, kuma ta sha faɗa a gaban kowa cewa, "Ranar da ba ni, ɗorawa ta Takwara ce."

A gindin itacen nan na yi wayo. Idan ta yi tutu, jajayen furannin nan masu zaƙi, mukan tsotse su har leɓenmu ya yi danƙo. Idan ta nuna, Iya ta ɗauko maƙata mu bi ta da kwanduna, tana zungura muna tsinta, tana zagin duk wadda ta fi ci a kan tarawa, ni ce kuwa kan gaba. Mu sha garin har haƙoranmu su koma rawaya, makuba, wato ɓawon, a ajiye don daɓe, kalwa kuma a wanke a shanya. Daga nan sai aikin daddawa: a dafa, a surfa, a sake wankewa, a rufe a kwando har warinta ya kori baƙo daga zaure. Ni ce mai iza wuta da ɗebo ruwa, ladana kuwa ɗan curi guda da nake ɓoyewa ina lasa. Da daddawar nan Iya take yi wa kanta sutura, da ita take zuwa biki da suna ba tare da ta miƙa hannu ga ɗa ko suruka ba. A inuwar muke carafke, a nan maza ke langa, a nan malaminmu yake fito da mu idan kwanon aji ya ɗau zafi.

Ana haka sai ga wata farar mota daga birni da mutum uku a ciki. Suka ce za su kafa na'urar auna ƙarfin hasken rana, don a san ko yankinmu zai yi kyau da tashar wutar sola. Abin da suka faɗa ke nan, amma abin da ya shiga kunnen mutanenmu kalma ɗaya ce: wuta. Daga ganin sarkin fawa sai miya ta yi zaƙi! Kafin magariba har an fara musun inda za a kafa turken farko. Baƙin suka zaɓi tudun gonar Baffa saboda yana kusa da mai gadin makaranta. Sai babbansu ya ɗaga kai ya dubi ɗorawa, ya ce inuwarta za ta faɗa kan na'urar da hantsi ta ɓata awon, za su je su yi shawara su dawo.

Wannan "za mu yi shawara" ita ta kashe ɗorawar Iya. Mai unguwa da Baffa da sauran dattawa suka tsorata, wai baƙi za su kwashi wutar su kai ƙauyen da ke gabanmu, mutanen da ko ƙwallo suka ci mu sai mun shekara muna jin gori. Ba wanda ya ce a tambayi mai itace, don kowa ya san amsar da za ta bayar. Suka jira har ranar da ta tafi sunan wata jikarta a Kafin Hausa, suka kira masu gatari. Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci. Manyan mutane masu gemu, suna laɓe suna jiran tsohuwa ta hau mota!

Washegari da la'asar ta sauka. Ba ta ko shiga gida ba, da ƙullin kayanta a ka ta wuce gona, ni ina biye. Ta daɗe tana kallon kututturen, sannan ta sa aka kira mata Baffa. Ya zo ya durƙusa yana sosa ƙeya.

"Iya, a yi haƙuri. Don gari aka yi."

"Garin ne ya raine ta? Sale, ko kaza za ka yanka ai ka tambayi mai ita."

"Wuta za a kawo mana, Iya."

"To, Allah ya kawo. Kun saki reshe kun kama ganye."

Da aka sassaro itacen aka jibge mata a ƙofar ɗaki, ta ce ba za ta dafa tuwo da uwarta ba. Nan ya zauna har gara ta cinye.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da baƙin suka dawo. Ina tsaye na ji da kunnena, babbansu ya riƙe baki ya ce, "Subhanallahi! Ai da kun bari, matsawa gaba kaɗan kawai za mu yi." Amma daga nan bai sake waiwayar kututturen ba, bai tambayi ko na wane ne ba, ya sa aka fara haƙa rami. Aka kafa ƙarfe, aka ɗora wani ɗan gilashi kamar an kifa ƙoƙo yana kallon sama, da wasu ƙoƙuna masu juyawa da iska, aka kewaye da waya. Kowace safiya mai gadi yakan goge gilashin da tsumma mai laushi, a hankali, kamar yana wanke fuskar jariri. Ni kuwa in tsaya a rana ina hararar sa.

Bayan damina biyu suka zo suka kwance kayansu suka tafi. Yanzu na san aikinsu ba wasa ba ne, sai an auna ake sanin inda za a zuba dukiya, ni ma da farantin sola a kan rufin gidana a unguwar Yalwawa nake kunna fanka. Amma wutar ba ta zo ƙauyenmu ba, ba ta je na gabanmu ba. Iya ta koma sayen kalwa a kasuwa, daga baya ta ajiye sana'ar gaba ɗaya, ta zama mai jiran abin da 'ya'ya suka miƙo har Allah ya karɓi abarsa.

Bara na kai 'yata ganin gida, na ja ta bayan makaranta in nuna mata gadonta. Dungu huɗu na siminti muka tarar, da wani baƙin kututture da ya kusa shafewa. Ba mu daɗe ba ta fara ɗaga ƙafa saboda zafin yashi, ta ce, "Umma, mu koma inuwa." Na duba gabas na duba yamma, ban ga inda zan kai ta ba. Rana tana nan yadda suka auna ta, inuwar Iya ce babu.