Ranar da Na Auna Gazuwal ɗin Baba

Wata Litinin ce bayan girbin gero, shekarar da nake aji biyar a lakol ɗin Tirmini, malaminmu Isufu, da muke kira Mushe kamar kowane malamin lakol, ya zana ganga a allo, ya ce man da ke ƙarƙashin ƙasa ba kamar rijiya yake ba, in an kwashe ba ya sake tsattsafowa. "Ku raba abin da ya saura da abin da ake sha kullum, za ku san ranar ƙarewa," in ji shi. Ya ƙara da cewa wataƙila kafin mu yi furfura duniya ta shanye nata. 'Yan aji suka yi dariya, ni kuwa sai na tuna rumfar Baba, domin injin niƙa ɗaya ne a unguwarmu, na Babana ne, kuma man gazuwal yake sha.

Ni yarinya ce mai rawar kai da son a ce na iya lissafi. Da aka tashi ko carafke ban tsaya yi ba, na ruga rumfar injin. Akwai karan dawa da Baba yake tsomawa a ganga ya ga inda mai ya tsaya. Na tsoma, yatsa shida. Na san injin na shan yatsa biyu a wuni. Na raba a ƙasa da tsinke, kwana uku cif. Murna ta kama ni, na ɗauki tulu na nufi rijiya, na shaida wa duk matar da na tarar cewa Mushe ya ce man duniya na ƙarewa, na Baba ma Alhamis zai ƙare, na auna da hannuna.

Washegari ƙwarya da kwano da buhu suka jeru daga rumfa har gindin tsamiya. Mai niƙan mako ta kawo na wata guda. Injin ya yi ta ruri har la'asar, sai ya yi tari sau biyu, ya yi shiru. Motar mai daga Damagaram sai Juma'a, ga sunan ɗan Yaya Hadiza ranar Alhamis, geron suna kuwa ko ƙwaya ba a niƙa ba. Na fashe da kuka na faɗa wa Baba abin da na yi. Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Lissafinki daidai ne, uwata, bakinki ne ba ki sa a ciki ba."

Kakarmu ce ta ce a fito da turame. Ranar Laraba matan nan da suka shanye mana mai suka dawo da taɓarensu, suna tsokanata da "malamar lissafi". Aka yi lugude da waƙa, ana cilla taɓarya sama a tafa a cafe, ni aka ba ni tankaɗe har gari ya rufe mini gira. Tuwo da fura suka wadata, kuma ban taɓa jin daɗin wuni kamar wannan ba.

Yau ga furfura a kaina, har matatar mai muke da ita kusa da Zinder, masana kuma suna ta auna na duniya suna ɗaga ranar ƙarewarsa. Man dai bai ƙare ba. Baba da Kaka da yawancin matan luguden nan ne suka ƙare, su kuwa ban taɓa tunanin aunawa ba.