Ɗorawar da Barau Ya Dasa

Cin rani ne ya kawo Barau garin Kademi daga can arewa, a shekarar da aka sami mulkin kai, daga shi sai gatari da buzun salla. Damina ta sauka bai koma ba, don babu abin da ya baro a gida sai kaburburan iyaye. Wani dattijo mai suna Maiwada ya ga saurayin ba ya wasa da aiki, sai ya ba shi aron fili a bayan gidansa. Barau ya yi ɗaki, ya ja darni, ya auri Larai.

Aron ƙasa kuwa yana da ƙa'ida, kuma ba Maiwada ne ya ƙago ta ba. Ka shuka duk abin da zai mutu da kaka, amma kada ka kuskura ka dasa itace. Wanda ya dasa itace ya kafa hujja, gobe 'ya'yansa su tashi su ce wurin na ubansu ne.

Shi kuma Barau sai Allah ya jarrabe shi da son itatuwa, ga hannu mai albarka, ko muciya ya soka a ƙasa sai ka yi zaton za ta yi toho. Da ba shi da iko, sai ya huce a kan masu yaɗo. Duma a kan ɗaki, kabewa a bayan rumbu, soso da garahuni sun lulluɓe darni. Da damina ba ka ganin gidan don ganye. Rani na yi komai ya bushe, gidan ya koma fayau kamar ranar da ya zo.

Daga baya ya samo dabara. Ya riƙa tsintar fasassun tukwane yana cika su da ƙasa, yana binne ƙwallon tsamiya da kuka da kanya da aduwa. Kullum sai ya ɗaga su ya duba gindi, kada saiwa ta huda ta kama ƙasar mutane. In dashe ya fi ƙarfin tukunya sai ya kai wa masu gidan kansu kyauta, har da shawara: kuka nesa da katanga, zogale kusa da wurin wanke-wanke, lalle a jikin makewayi. Rabin inuwar unguwar daga tukwanensa ta fito, shi kuwa in rana ta take sai ya raɓe a ta wani. Abin da ban takaici, kuma yana cin ransa, musamman da aka haifa masa Ɗanladi.

Bayan yaƙin basasa tsufa ya kayar da Maiwada. Wata la'asar Barau ya shiga gaishe shi, ya tarar da shi a zaure shi kaɗai.

"Barau, ka daɗe kana yi wa mutane reno," in ji tsohon. "Zaɓi ɗaya ka sa a ƙasa. Wurin nan na bar wa Ɗanladi."

Barau ya koma gida yana share hawaye. Da Larai ta ji, sai ta ce, "Malam, ka kira liman da mai unguwa su ji da kunnensu."

"Haba Larai! Mutumin da ya riƙe ni kamar ɗa, in tara masa shaidu kamar ina tuhumarsa? Da wane ido zan dube shi?"

Kunya ado ce, amma ba ta tsayawa mutum a gaban shari'a. Barau bai kira kowa ba, ya duƙufa zaɓen itace. Larai zogale take so, a ci bana-bana. Maƙwabta suka ce mangwaro, don shi ake yayi, har daga Gaya ake kawo dashensa. Barau ya ce mangwaro ɗan gata ne, sai da ruwa, zogale kuma iska ɗaya ke karya shi. Ya zaɓi ɗorawa. A sha garinta, a yi daddawa da kalwarta, a shafe daɓe da makubarta, sannan ana gadonta kamar yadda ake gadon gona.

Damina ɗaya ta samu ta arziki. Ta biyu ruwa ya yi rowa, ta uku kuwa, shekarar da aka fito da naira, sama ta rufe baki ɗaya. Gero ya ƙone a tsaye, rijiyoyi suka ƙafe, mata suka bazu daji neman yaɗiya da tafasa. Barau ya zuba wa itatuwan tukwanensa ido suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Ɗan ruwan da ya samu na alwala a gindin ɗorawar yake zubawa, wani lokaci har da rabonsa na sha.

"Mutane na mutuwa, kai kana shayar da itace!" in ji Larai, ranar da haƙurinta ya ƙare.

"Ba itace nake shayarwa ba. Gidan ɗanki ne."

A cikin wannan yunwar Maiwada ya rasu. Da aka zauna rabon gado a ƙofar mai unguwa, Tukur, babban ɗan mamacin, ya ta da maganar ɗorawa. Barau ya faɗi yadda aka yi.

"Wa ya ji?" in ji mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, daga ni sai shi sai Allah."

Tukur ba mugu ba ne, shi ma wuyansa ya zama kamar sillen kara. Ya ce, "Baba Barau, ban ce ka yi ƙarya ba. Amma ga marayu a bayana, ban isa in kyautar da haƙƙinsu a kan maganar da babu shaida ba."

Mai unguwa ya yanke: zama dai na aro ne, ya ci gaba. Ɗorawa kuma ko Barau ya sare ta, ko ya faɗa a gaban jama'a cewa don Maiwada ya dasa ta. A lokacin ta kawo masa ƙirji, ita kaɗai ce abu ɗanye a duk unguwar. Barau, mutumin da ba a taɓa kamawa da ƙarya ba, ya buɗe baki.

"Ku shaida, Maiwada na dasa wa."

Wannan karon shaidu sun cika wuri, har da liman.

Bai fasa ba ta ruwa ba har damina ta dawo, amma bai sake ajiye tukunya ko ɗaya ba, kuma ya daina ba da shawara ko an tambaye shi. Ciwon ƙirji ya ɗauke shi kafin ɗorawar ta yi furen fari. Larai na fita takaba magada suka nemi filinsu, cikin ladabi da ban haƙuri. Wani wanta a Gafasa ya ce zai ara mata ɗaki.

Suna kan hanya da kaya a ka, Ɗanladi ya ce, "Inna, to yanzu ina ne gidanmu?"

Larai ta gyara gammonta, ta ce masa ya ɗaga ƙafa, rana na yi.