Ranar Da Taubashina Ya Duba Ƙirƙirata

Ni dai ba zan yi wa kaina ƙarya ba, ƙyashin taubashina nake yi, kuma ba yau na fara ba. Ɗan kawuna ne, wato ɗan wan mahaifiyata. Gidansu na Kibiya, namu na Rano. Tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa muka gaisa kamar mutanen kirki ba. Da ya hango ni sai ya ɗaga murya, "Ga bawana nan, wa ya kwance shi?" Ni kuma in ce masa mai kan gwanda, in tambaye shi ko har yanzu 'yan garinsu na gudu in sun ga mota. Haka ɗan mace da ɗan namiji suke, ba a fushi. Manya ma dariya suke yi, su ƙara zuga mu.

Tare muka yi karatun injiniya a Kano, ɗakinmu ɗaya. Ni nake koya masa lissafi. Wallahi ni nake koya masa! Da aka buɗe neman gurbin ƙaro karatu a ƙasar waje, mu biyu muka nema, aka ɗauke shi aka bar ni. Har yau ban san da me ya fi ni ba, in ban da iya magana a gaban manya da wannan murmushin nasa.

Na dawo Rano na kama koyar da kwamfuta a sakandare. Shi kuwa ya zarce, ya samu aiki a wani ofishi a can, inda masu ƙirƙira ke kai abin da suka ƙirƙiro a ba su takardar mallaka, don kada wani ya kwaikwaya ba da izini ba. Aikinsa ya karanta da'awar mutum, ya bincika ko sabon abu ne ko an riga shi. Fannin da aka damƙa masa kuma, don Allah ku ji, matse bidiyo ne: yadda ake rage masa nauyi ya shiga waya, da yadda wayar ke warware shi ta nuna. Manyan kamfanoni su kawo nasu, ɗan Kibiya ya ce a'a, kuma maganar ta zauna. Kawu ba ya gajiya da faɗa a kowane taro, wai Turawa ma sai ɗansa ya sa musu hannu.

Abin haushin, fannina ne. In an tashi daga makaranta ina da ɗan shago a bakin kasuwa, inda nake tura wa mutane karatu da wa'azi a waya. Manoma daga Madachi da Yalwa su zo da memori ɗan mitsitsi, su ce a zuba musu tafsirin azumi gaba ɗaya. Ina zai shiga? In ka matse da yawa kuma, fuskar malam ta dagule kamar an shafa mata kunu. A nan na lura da wani abu. Malam yana zaune, bangon bayansa ba ya motsi, labule ba ya motsi, baki da hannu ne kawai ke aiki. To don me za a yi ta maimaita bango? A aika shi sau ɗaya wayar ta riƙe, daga nan a riƙa aika abin da ya motsa kawai, a fi ba wa fuska kulawa. Na shafe shekaru ina haɗa manhajar, tana lalacewa ina gyarawa. Ranar da ta yi aiki, sujada na yi a cikin shagon.

Takardar mallakar ba ita ta dame ni ba. Abu ɗaya nake so a duniya: wannan mai kan gwandar ya duba aikina da idon da yake duba na kamfanoni, ya buɗe baki ya ce sabo ne. Ko sau ɗaya a ce ni na kawo, shi ya karanta.

Bakina bai riƙe maganar ba. Na gaya wa mahaifiyata, ita kuma ta gaya wa wanta, kafin ka ce me dangi duk sun ji cewa malamin Rano ma ya ƙirƙiro abu.

Da damina ya zo gida, sunan ɗan ƙanwarsa. Na naɗe laftof a leda, na cusa cikin riga saboda yayyafi, na hau babur sai Kibiya. Ina tsayawa a ƙofar gidan kawu na ji muryarsa.

"Kai jama'a! Bawa ya yi furfura, amma har yanzu babur?"

"Kai kuma me ya same ka?" na ce. "Sanyi ya koɗar da kai kamar tsohuwar atamfa."

Aka kwashe da dariya. Ya rungume ni, yana ƙamshin wani turare da ban san irinsa ba. Har turaren sai da na ji haushinsa.

Bayan an raɗa suna an ci waina, aka yi azahar, na ja shi ɗakin baƙi. Muka zauna a tabarma jikin taga, don nan ne kawai sabis ke kamawa.

"Ka san a ofis ba a yarda in duba na ɗan'uwa ba," ya ce. "Dubawar gida zan yi maka."

"Kai dai duba, ka rage iyayi."

Na kunna masa tafsirin da na matse, ina jiran ya buɗe baki don mamaki. Ya kalla kaɗan ya ce in tsayar.

"Ya yi kyau. Amma mu ba kyau muke dubawa ba, da'awa muke dubawa. Faɗa mini gaɓa-gaɓa, mene ne kake cewa naka ne?"

Na lissafa masa. Ana yanka hoto ƙananan gidaje. Ana gwada kowane gida da na hoton da ya gabata. Wanda bai sauya ba, ba a aika shi, waya ta ɗauko na hannunta. Sai kuma fuska, da ake ware ta a ba ta kaso mafi tsoka.

Ya jawo tasa kwamfutar ya ɗora a cinya, fuskarsa ta sauya, ta zama irin ta likita. Ban taɓa ganinsa a bakin aiki ba. Yatsunsa na gudu, yana buɗe tsofaffin takardun mallaka na mutanen duniya, yana tsallake shafuka kamar mai neman akuyarsa a garke. Ko a lokacin sai da na ji ƙyashin yadda ya iya. Da ni aka ɗauka, da ni ne haka.

Ya juyo mini da fuskar kwamfutar. Zane ne na akwatuna da kibiyoyi, kai ka ce daga allon ajina aka kwafo.

"Ga yanka hoto da gwadawa," ya ce. "Ga kuma barin abin da bai motsa ba. Wannan tun muna firamare aka rubuta shi."

"Bangon fa? Riƙe bango gaba ɗaya?"

Ya buɗe wata. Ita ma ga ta nan, har da hoton mutum zaune a gaban labule.

"To fuskar fa?" Na ji muryata ta yi sama. "Fuskar ai ba wanda ya yi."

Wannan karon ya daɗe. Sabis ya ɗauke, ya ɗaga wayarsa jikin taga har ya dawo. Daga cikin gida mata na ta guɗa. Na riƙa addu'a a zuci, Allah Ka sa kada ya samu, Allah Ka kunyata shi yau. Ya sauya kalmomin bincike, ya sake sauyawa, na fara jin sanyi a raina. Sai ya tsaya. Wasu masu haɗa wayar da ake ganin juna sun riga sun rubuta, da daɗewa.

"Amma ba wanda ya haɗa su duka wuri ɗaya," na ce.

"Ko da babu, in mai sana'ar da ya san waɗannan zai iya haɗa su ba tare da wani sabon tunani ba, ba ma kiransa sabo."

Shi ke nan. Na gyara zama ina jiran dariyar. Na san shi, na san abin da ya kamata ya biyo baya: ya faɗi a tabarma yana riƙe ciki, ya ce bawa ya shekara yana haƙa rijiya a bakin kogi, ya fita tsakar gida ya yi shela. Har na tanadi amsoshina. Da ya yi hakan, da na rama, da mun fito muna zagin juna, ciwon ya bi iska.

Bai yi ba. Ya rufe kwamfutar a hankali da hannu biyu, ya dube ni.

"Malam," ya ce, "ka yi ƙoƙari ƙwarai. Kai kaɗai, ba kayan aiki, ka isa inda suka isa. Ba ƙaramin abu ba ne."

Malam! Ni yake ce wa Malam. Tunda uwata ta haife ni wannan mutumin bai taɓa kirana da sunan girma ba. Muryar da ya yi amfani da ita kuwa, na tabbata ita yake yi wa baƙin da ya mayar wa takardunsu. Na ce masa ya riƙe ƙoƙarinsa, na cusa laftof a leda ko kashe ta ban yi ba.

A waje kawu na zaune da dattawa a ƙarƙashin darbejiya, an idar da la'asar. Ba hanyar zuwa wurin babur sai ta gabansu.

"Yauwa, ga su nan," in ji kawu. "To, yaya aikin ɗan'uwan naka?"

Ga dama ta samu, a gaban jama'a, irin wadda taubashi ba ya bari ta wuce.

"Baba, aiki ne mai kyau," ya ce. "Kansa yana ja sosai. Muna kan magana."

Dattawa suka ce madalla. Kawu ya gyaɗa kai, ya dube ni da tausayi, sannan ya juya wurin ɗansa.

"To ka riƙa taimaka masa, ka ji? Ka ga shi Allah bai ba shi fita ba."

Na ce na gode, kawu. Me zan ce? Taubashin nawa ya rako ni har wurin babur, ya riƙe mini ledar ina tayarwa. Na dube shi na ce, "Sakar mini kaya, mai kan gwanda, kafin ka shafa musu baƙin jini." Da ƙarfi na faɗa, don a ji. Ya yi murmushi kawai ya miƙo mini, ya ce in sauka lafiya, in gaida Gwaggo.

Manhajar tana nan, manoma na amfani da ita, ba ruwansu da wanda ya riga wani. Shi kuma yakan kira ni daga can lokaci-lokaci. Ya yi sallama, ya tambayi iyali, ya tambayi makaranta da shago, ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma in ce lafiya lau.